Tsohuwar Kwamfuta da Wasan Ƙwallo: Wace Sabuntawa ce ta Dace da Karkarar Arewacin Kano?

A garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Daura da ta Kano zuwa Katsina, irin su Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Tsanyawa, da wuya a rasa wani ɗan shago mai ɗauke da kwamfuta biyu ko uku, da firinta, da na'urar fotokofi. Da hantsi ana buga wa mutane takardu, ana cike wa ɗalibai fom ta intanet, ana duba sakamakon jarrabawa. Da zarar an sauko daga sallar la'asar kuma, sai samarin da suka dawo daga gona ko daga makaranta su kewaye kwamfutar, a buga wasan ƙwallon ƙafa na Pro Evolution Soccer ko FIFA, mai shago yana karɓar ɗan abin da ya samu a kan kowane zagaye. Gidajen gem na sosai sun fi dogara da PlayStation, amma a ƙaramin gari kwamfutar ofis ɗin nan ta gwanjo ita ce ke ɗaukar nauyin ayyukan biyu.

Matsalar da wannan maƙala ta ɗauko sananniya ce ga duk mai irin wannan shago. Wata rana an zo kashe kwamfuta, sai ta nuna cewa tana sabunta babbar manhajarta, wato Windows, ta kuma gargaɗi mai ita da kada ya kashe ta. Lissafi yana tafiya a hankali, kashi 15 cikin ɗari, kashi 30, sai man janareta ya ƙare, ko batirin sola ya yi ƙasa. Washegari aka kunna, sai ta ce sabuntawa ta gaza, tana mayar da komai yadda yake a da. Ta ɗauki sa'a guda tana wannan, ta kashe kanta, ta sake farowa daga inda ta fara. Wasa ya tsaya, buga takarda ya tsaya. A ƙarshe sai a ɗaura ta a bayan babur a kai wa mai gyara, a gari ko a Kano, shi kuwa maganinsa ɗaya ne kusan kullum: ya yi mata fomatin, ya zuba sabon Windows daga filashinsa, sannan ya toshe ƙofar sabuntawa gaba ɗaya don kada abin ya sake faruwa.

Masana tsaron kwamfuta suna kallon wannan toshewa a matsayin ganganci, har ma jahilci. Ra'ayin wannan maƙala shi ne hukuncin nasu ya yi tsauri, kuma ya kauce wa inda gizo yake saƙar. Mai gyara ya karanci yanayin da yake aiki a cikinsa fiye da wanda ya tsara manhajar, kuma ga kwamfutar da aikinta wasa ne kawai, shawararsa daidai ce. Kuskuren yana wani wuri dabam: a ɗora wa na'ura ɗaya wasan samari da kuma sirrin jama'a, alhali abin da ke raya ɗayan aikin shi ne ke kashe ɗayan.

Abin da ke sa sabuntawa ta gaza

Kamfanin Microsoft ya gina tsarin sabunta Windows ne a kan zato uku: wuta ba ta yankewa, intanet ba ya tsinkewa, kuma kuɗin data ba abin damuwa ba ne. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da ya tabbata a karkarar Kano. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wutar lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma ƙauyuka ba sa cikin rukunin da aka yi wa alƙawarin sa'o'i 20 a rana lokacin da aka ƙara kuɗin wuta a watan Afrilu na 2024. Janareta ta zama abar lissafi tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Cikakken kwafin Windows 10 na ƙarshe ya haura gigabait 5. Wanda yake sayen data gigabait ɗaya-ɗaya, yana jona kwamfuta da wayarsa, ba zai ga hikimar barin na'ura ta sha wannan adadi da kanta ba, balle idan ya san tana iya gazawa a tsakiya ta sake sha daga farko.

Yankewar wuta ita ce ta fi muni, domin sabuntawa aiki ne na cire tsofaffin fayilolin da kwamfuta take tashi da su a maye gurbinsu da sababbi. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan musaya, sai a bar na'ura da rabin tsoho rabin sabo, kamar ɗakin da aka yaye wa jinka ruwa ya sauko kafin a baibaye. Sau da yawa Windows tana iya komawa baya ta gyara kanta. Wani lokacin kuma ba ta iyawa, musamman idan faifan ajiyar ya tsufa ya fara samun gurɓatattun wurare, abin da ya zama ruwan dare a kwamfutocin da suka yi shekara goma suna aiki a wani ofishin Turai kafin su iso Legas.

Akwai kuma wani dalili ɗan ƙarami da ake yawan tsallakewa. A jikin babban allon kowace kwamfuta akwai batiri mai faɗin kwabo, samfurin CR2032, wanda aikinsa riƙe agogo da kwanan wata idan an kashe na'ura. Bayan wasu shekaru yakan mutu, sai kwamfuta ta riƙa tashi da kwanan watan shekarun baya. Shafukan intanet masu tsaro suna aiki ne da takardun shaida masu ranar farawa da ranar ƙarewa; na'urar da take ganin tana 2009 ba za ta amince da shaidar da aka bayar a 2025 ba. Daga nan sai sabuntawa ta ƙi, ta nuna lamba 80072F8F, wadda ba ta gaya wa mai shago komai. An sha yi wa kwamfuta fomatin, an share takardun mutane, a kan abin da batirin da bai kai kuɗin kwanon masara ba zai magance. Wannan ba laifin Microsoft ba ne, ba kuma na KEDCO ba. Rashin sani ne, kuma irinsa ne ilimi ke kawarwa cikin minti biyar.

Windows 7, wadda har yanzu masu gyara da yawa suke zubawa saboda sauƙinta a kan raunanan na'urori, tana da tarkonta na musamman. Ta fito a 2009, kuma faifan da ake zubawa daga gare shi bai san sabon salon sa hannu da Microsoft ya koma amfani da shi a 2019 ba, wanda ake kira SHA-2. A watan Agusta na 2020 kamfanin ya rufe hanyar sabuntawar da ke aiki da tsohon salon. Ke nan sabuwar zubawa ba ta iya jawo gyaran da zai ba ta damar jawo gyara. Sai an ɗauko fayiloli biyu da hannu, KB4490628 da KB4474419, an zuba su daga filashi, kafin ƙofa ta buɗe. Ita kuwa Windows 10 ta fi gazawa ne a kan ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka masu ma'ajiyar gigabait 32, inda babu wurin da sabo zai sauka kafin a kwashe tsoho, sai ta nuna lamba 0x80070070, ma'ana wuri ya cika. A wasu lokutan kuma ba abin da ake buƙata illa a tsayar da aikin sabuntawa, a share abin da ya taru a jakar SoftwareDistribution, a sake gwadawa.

Sai zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fankar na'ura tun Disamba. Sabuntawa tana sa masarrafin kwamfuta aiki tuƙuru na tsawon lokaci, ya yi zafi, na'ura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Sakamakon daidai yake da na ɗaukewar wuta. A ƙarshe, ba za a ɓoye ba, mafi yawan kwafin Windows da ke yawo a filashin masu gyara ba na halal ba ne, wasu ma an yanke musu sassa don su yi sauƙi. Irin wannan kwafi yakan ƙi karɓar sabuntawa, domin sashen da za a gyara babu shi.

Wasa ba sabuntawa yake nema ba

Wani abin lura shi ne yawancin masu neman sabunta tsohuwar kwamfuta don wasa ya tashi suna neman magani ne a inda babu shi. Wasannin da suka yi farin jini a irin waɗannan shaguna tsofaffi ne: Grand Theft Auto: San Andreas da Need for Speed: Most Wanted sun fito a kwamfuta a 2005, Pro Evolution Soccer 2013 kuma a 2012. An rubuta su ne don na'urorin da suka fi na shagon rauni. Idan suka ƙi tashi, abin da ya ɓace galibi ƙananan manhajojin tallafi ne. Saƙon da ke cewa ba a ga fayil ɗin d3dx9_43.dll ba yana nufin a zuba kunshin DirectX na watan Yuni 2010. Wanda ya ambaci MSVCR100.dll yana neman kunshin Visual C++ na 2010. Wasu suna buƙatar .NET Framework 3.5. Idan hoto yana tsinkewa ko yana jan ƙafa, to manhajar da ke sarrafa sashen hoto ce, wadda masu gyara ke kira direba, ba a zuba wadda ta dace ba. Dukkan waɗannan kyauta ne daga masu su, ana sauke su sau ɗaya a ajiye a filashi, kuma gaba ɗayansu ba su kai girman fim biyu ba.

Bayan haka, naira ɗaya da aka kashe a jikin na'ura ta fi goma da aka kashe a data. Ƙara ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM daga gigabait 2 zuwa 4 ko 8, da musanya tsohon faifai mai juyawa da ma'ajiyar SSD, da bushe ƙura a shafa wa masarrafi sabon man sanyaya: waɗannan su ne ke sa kwamfutar 2012 ta farfaɗo. Ana samun kayan a kasuwannin waya da kwamfuta na Kano irin su Farm Centre da titin Beirut.

Sababbin wasanni kuwa sun riga sun rufe ƙofa, kuma babu sabuntawar da za ta buɗe ta. Dandalin Steam na kamfanin Valve ya daina aiki da Windows 7 da 8 da 8.1 daga ranar 1 ga Janairu, 2024. EA Sports FC 24, magajin FIFA, yana neman Windows 10 da RAM gigabait 8 da sashen hoto mai zaman kansa, abin da kwamfutar ofis ba ta zo da shi ba. Saurayin da ya kwana uku yana fama da sabuntawa don ya buga wasan bana a kan na'urar da ta girmi ƙanensa ya yi asarar data ne kawai. Gaskiyar da ya kamata mai gyara ya gaya masa tun farko ita ce wannan jaki ba zai yi sukuwa ba, amma zai kai kaya.

Idan haka ne, kwamfutar da aka keɓe don wasa ba ta da wata buƙata ga intanet, ba ta kuma da buƙata ga sabuntawa. A zuba mata abin da take so, a tabbatar wasa ya tashi, a ɗauki kwafin faifanta gaba ɗaya a ajiye, a cire mata waya. Za ta yi shekaru a haka. A nan mai gyara ya yi gaskiya, masanin tsaro kuma bai da abin cewa.

Me ya sa wasa ya cancanci wannan dogon bayani?

Wani zai ce mujallar jami'a ta rasa abin tattaunawa sai wasan yara. Iyaye da malamai ma suna da ƙorafi mai tushe a kan gidajen gem: yara suna tsere wa makarantar allo da aikin gona, ana wuce lokacin salla, wani lokacin wasa yakan rikiɗe ya koma caca. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe ba abin rainawa ba ne, kuma mai shagon da bai rufe idan an kira salla ba, ko ya bar yaro ɗan firamare ya yini a gabansa, ya jawo wa sana'arsa baƙin jini da hannunsa.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Tun 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma a 2024 WAEC ta fara bin sahu da jarrabawar masu zaman kansu. Ɗan ƙauyen da ya je cibiyar jarrabawa bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana fafatawa ne da abu biyu a lokaci ɗaya, tambayoyi da na'ura, alhali ɗan birni da tambayoyi kawai yake yi. Makarantun sakandaren karkara da yawa suna koyar da darasin kwamfuta ne a kan allo da alli. A irin wannan hali, yaron da ya saba da madannai saboda yana tuƙa mota a San Andreas ya shiga ɗakin jarrabawa da gabansa a kwance. Fiye da haka, wanda wasa ya ƙi tashi a gabansa, ya karanta saƙon kuskure, ya nemo fayil ɗin da ya ɓace, ya gwada ya gaza ya sake gwadawa, ya fara koyon sana'ar gyara ke nan ba tare da an kira ta da sunan ba. Masu gyara da dama ta wannan ƙofa suka shigo.

Inda haɗarin yake

Matsalar ita ce kwamfutar shagon ba ta wasa ba ce kawai. Da safe an shigar mata da lambar NIN ta ɗalibi, da lambar BVN ta mai neman lamunin karatu na NELFUND, da hoton fasfo, da kalmar sirrin imel, wani lokacin har da lambar katin banki don biyan kuɗin fom. Da yamma kuma an cusa mata filashin da ya zaga gari, ɗauke da wasan da aka fasa makullinsa, wanda umarnin zubawarsa na farko shi ne a kashe manhajar kariya. Duk wannan a kan Windows 7 wadda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun 14 ga Janairu, 2020, da burauzar Chrome wadda ta tsaya a siga ta 109 a farkon 2023 ba ta ƙara gaba ba.

Abin da rashin sabuntawa ke jawowa ba zato ba ne. A watan Mayu na 2017 manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, wato wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya faɗa wa su ne waɗanda ba su zuba gyaran ba, kuma mafi yawansu Windows 7 suke amfani da ita. Shagon ƙauye ba asibiti ba ne, kuma mai garkuwa da fayiloli ba zai samu abin kirki a wurinsa ba. Amma manhajar da ke leƙen abin da ake bugawa a madannai ba ta tambayar girman shago. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ko gerensa, kuɗin suna asusu, ya ba ɗansa kati ya je a cike masa fom, shi ne zai ɗauki asarar, kuma ba zai taɓa sanin ta inda ɓarawon ya shigo ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a kan duk mai karɓarsu don aiki. Ko ba a zo maganar doka ba, amana ce aka ba mai shago, kuma Bahaushe ya san nauyin wannan kalma.

Takin birni da tarkacen Turai

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a Jami'ar Bayero ta Kano, shi da J. Wilson suka wallafa nazarin nan na 1965 a kan ƙasa da jama'ar yankin da ke kewaye da birnin Kano mai cunkoson mazauna. Abin da ya ja hankalin masana a yankin shi ne gonaki ne da ake nomawa kowace damina ba hutu, amma ba su mutu ba, saboda manomi yana ciyar da su da taki: kashin dabbobi, da toka, da sharar birni da ake ɗaukowa a kan jakuna, a koma da itace ko amfanin gona. Mutanen wannan yanki sun daɗe da ƙwarewa wajen mayar da abin da wani ya zubar ya zama abin amfani. Kwamfutar gwanjo ta shigo ne ta wannan tsohuwar hanya.

Sai dai kwatancen yana da iyaka. Taki yana ruɓewa ya koma ƙasa, kwamfuta kuwa ba ta ruɓewa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da cibiyar Yarjejeniyar Basel da ke Nijeriya a tashoshin jiragen ruwan Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a kowace shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki matattu ne tun kafin su sauka. Yanzu kuma wata igiyar tana tafe. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Magajiyarta, Windows 11, ba ta karɓar na'urar da ba ta da sashen tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel ta fi amincewa da masarrafi daga zuriya ta takwas zuwa sama, wato na wajen 2017. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su rasa kasuwa saboda wannan. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda wani kaso nasu zai nufa. Za su iso da araha, jikinsu lafiya lau, manhajarsu kuma marainiya.

Microsoft ya buɗe ƙofar ƙarin shekara guda ta gyaran tsaro, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa na'urarsa da asusun kamfanin ya cika wasu sharuɗɗa. A 2025, dala 30 sun haura naira dubu 40, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Ta kyautar kuma tana buƙatar kwafin Windows na halal wanda ya riga ya karɓi sabuntawarsa, abin da ya fitar da yawancin shagunan da ake magana a kansu.

Abin da ya kamata a yi

Mataki na farko ba ya buƙatar gwamnati: a raba na'urorin. Shagon da ke da kwamfuta biyu ya keɓe mafi tsufa don wasa, a yanke mata intanet, kada a taɓa shigar da bayanan kowa a cikinta, kada kuma filashinta ya shiga ɗayar. Ta biyun ta zama ta aikin jama'a, ba wasa a kanta ko ɗaya, kuma ita ce za a yi wa hidimar sabuntawa: a saita ta a kan cewa datar da take sha ta awo ce don kada ta sauke abu da kanta, a zaɓi ranar da batirin sola ya cika ko janareta ta sha mai, a haɗa ta da ƙaramar na'urar riƙe wuta. Mai kwamfuta ɗaya tilo yana iya sa mata faifai biyu, ko ya raba faifan gida biyu, kowane aiki da manhajarsa.

Ga na'urar aikin da Windows 11 ta ƙi, manhajar Linux ce mafita mafi kusa. Nau'o'inta irin su Linux Mint da Lubuntu kyauta ne, halal ne, suna tafiya a kan raunanan na'urori, kuma suna samun gyaran tsaro na burauza, wadda a cikinta ne kusan duk aikin cike fom yake gudana. Amma masu tallata Linux sukan wuce gona da iri idan suka ce za ta maye gurbin Windows har a wajen wasa. Gaskiya ne Valve ya fito da Proton a 2018 don wasannin Windows su tashi a kan Linux, sai dai ya dogara ne da fasahar hoto ta Vulkan, wadda tsofaffin sassan hoto na Intel ba su iya ɗauka sosai ba. Wasu firintoci da na'urorin ɗaukar hoton yatsa ma ba su da direban Linux. Saboda haka a gwada kafin a share.

Mataki na biyu na makarantu ne. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta suna zaune ne a tsakiyar wannan yanki, ga Jami'ar Bayero a Kano, ga ƙungiyoyi irin su CITAD da suka daɗe suna aikin kai fasahar sadarwa karkara. Microsoft yana da rumbun da ake sauke kowace sabuntawa ita kaɗai a matsayin fayil. Babu abin da zai hana sashen kwamfuta na ɗaya daga cikin waɗannan makarantu ya riƙa saukewa sau ɗaya a wata, tare da DirectX da Visual C++ da direbobin samfuran HP da Dell da Lenovo da suka fi yawa a kasuwa, da kwafin Linux, mai gyara ya zo ranar kasuwa da filashinsa ya kwafa daga tushe mai tsabta. Gigabait 5 da shago hamsin za su saya ɗaya bayan ɗaya sai ya zama an saye shi sau ɗaya. Ɗaliban da ke neman wurin sanin makamar aiki kuma sun samu abin yi.

Mataki na uku ya shafi masu karanta wannan mujalla kai tsaye. Saƙonnin kuskure suna zuwa ne da Ingilishi da lambobi, bayanin gyaransu kuma yana shafukan da aka rubuta don wanda ya yi nisa a boko. Microsoft ya taɓa fitar da kunshin harshen Hausa don Windows 7, amma fassarar maɓallai ba ta koya wa kowa dalilin gazawar na'ura. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta samar da Ƙamusun Hausa a 2006, kuma tun 1990 aka wallafa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, don nazarin harshe da adabi. Fannin gyaran kwamfuta yana jiran irin wannan hidima. Ba a buƙatar ƙirƙiro kalmomin da ba mai amfani da su. Masu gyara sun riga sun ce fomatin da direba da filashi, kuma waɗannan sun zauna. Abin da ya rage shi ne ɗan littafi mai shafi 30 ko 40, da muryoyin da za a iya turawa ta WhatsApp ga wanda karatun boko bai ishe shi ba, wanda malamin Hausa da malamin kwamfuta da mai gyara na kasuwa za su zauna su rubuta tare. Babinsa na farko ya kasance jerin abin da za a duba kafin a yi fomatin: kwanan watan na'ura da batirin CR2032, sauran wurin da ya rage a faifai, ƙurar da ke cikin fanka, sannan a kwashe takardun mutane a ajiye a wani wuri kafin a taɓa komai.